Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Sarakunan Zango Da Limaman Akra Kan Dajin Dutsen Atewa

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Iyayenmu sarakunan zango, ranku ya daɗe, Allah ya ja zamaninku. Malamanmu limaman Juma'a da na unguwa, Allah ya gafarta malamai, ya ƙara lafiya da nisan kwana. Bayan gaisuwa da durƙuso irin na ɗa a gaban mahaifi, ina neman izinin magana. In harshe ya zarce, a yi mini afuwa.

Ni malamin kimiyya ne a wata ƙaramar sakandare a yammacin Akra, kuma a Sabon Zango aka yanke mini cibiya. Alƙalamin nawa ne, amma maganar ta mutane da yawa ce: malamai abokan aikina, iyayen yaran da muke koyarwa, matan da ke sayar da koko da waakye da tuwon zafi a bakin makarantarmu, da samarin da ke tura kurar ruwa a lungunan Sukura da Sabon Zango. Mun zauna, muka ga ƙorafin da muke yi a bakin famfo a nan yake ƙarewa, gara mu kawo shi gaban waɗanda in sun yi gyaran murya gwamnati ke waiwayowa. Kukan namu a kan dajin dutsen Atewa ne, da shirun da al'ummarmu ta yi a kansa shekara da shekaru.

Duk wanda ya taɓa hawa motar Kumasi ya ga Atewa, ko da bai san sunansa ba. In an wuce Suhum ana nufar Anyinam, jerin duwatsun nan na hannun hagu masu duhun itatuwa, waɗanda gajimare ke kwana a kansu har hantsi, su ne. A gindinsu garin Kyebi yake, mazaunin masarautar Akyem Abuakwa. Tun 1926 aka keɓe wurin a matsayin gandun daji. Faɗinsa hekta 23,000 da ɗoriya, ƙololuwarsa ta haura mita 800. Irin wannan kurmi na kan tudu, wanda ba ya kaɗe ganye rani da damina, manyansa biyu ne a Gana: Atewa, sai Tano Offin a ƙasar Asante. Koguna uku ne ke ɓuɓɓugowa daga cikinsa, Birim da Ayensu da Densu. Densu shi ne ya gangaro ta Nsawam ya cika madatsar Weija, daga Weija kuma ake tace ruwan da ke zuwa Dansoman, Kaneshie, Darkuman, Sukura, Sabon Zango, har Kasoa. 'Yan'uwanmu na Madina da Ashaiman nasu daga Kpong yake zuwa, amma mu na yamma daga kan dutsen nan butar alwalarmu take cika. Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne mutum miliyan 5 ke dogaro da ruwan kogunan nan uku.

Ku ba ni dama in fara da abin da ya fi ƙanƙanta a dajin, domin shi ya buɗe mini ido. Gansakukar itace nake nufi, busasshiyar nan mai launin toka-toka ko kore-kore da ke manne wa ɓawo da dutse, wadda masana ke kira laiken. Daban take da koren yauƙin da ke fitowa a bakin rariya.

Mun taɓa kai ɗalibai dajin ta ɓangaren Sagyimase, da ɗan rakiya ɗan garin. A ƙasa, kusa da gonaki, rana na dukan ƙeya. Muna hawa iska tana sauyawa. Da muka kusa kaiwa sama sai ga kowane reshe ya yi kauri da tsiro, ƙasa jiƙe sharkaf, ruwa na ɗiga daga ganye alhali ba a yi ruwan sama ba ran nan. Wata yarinya ta tsaya a gindin wani itace ta ƙwala mini kira: "Malam, wa ya yi rubutu a nan?" Na matsa, sai ga farin tabo a jikin ɓawon, cikinsa baƙaƙen layuka sirara, wasu a miƙe, wasu sun lanƙwashe, wasu sun yi rassa. Wani jinsin gansakuka ne, layukan kuwa ta nan take fitar da irinta. Muka kuma tsinci busasshen reshe da ya faɗo daga sama, wata mai faɗi ta lulluɓe shi, gefenta a nannaɗe, samanta toka, ƙasanta baƙi. Na sa wani yaro ya ɗiga mata ruwan gorarsa. Kafin in gama bayani ta yi laushi ta koma kore, yara suka ɗau sowa. Har a kan ɗanyen ganye akwai wasu ɗigo-ɗigo, sai da madubin ƙara girma ake ganin tsarinsu.

Ido na ganin abu ɗaya, alhali halitta biyu ce ta haɗa zama: naman gwari, dangin fumfuna, da wasu korayen ƙwayoyin tsiro da ido ba ya gani. Zaman nasu irin na maigida da baƙonsa ne a zangon da, maigida ya ba da masauki da tsaro, baƙo ya shigo da abin da gidan zai ci. Naman gwarin ke gina jiki ya riƙe danshi, koren kuma ya haɗa abinci daga hasken rana. Wani masani ɗan Suwizalan, Simon Schwendener, shi ya fara faɗin haka a shekarun 1860, 'yan'uwansa masana suka daɗe suna ƙaryata shi. Yau an san jinsinta kusan 20,000 a duniya. Ba ta da saiwa. Ba ta tsotsar itacen da take kai kamar yadda kauci ke yi, wurin zama kawai ta ara. Duk abin da take sha daga iska yake zuwa, raɓa da hazo da ruwan sama, kuma ba ta da wata fata da za ta tace mai kyau ta bar mai guba. Ga jinkirin girma: da yawansu 'yan milimita kaɗan suke ƙarawa a shekara. Wadda ta kai faɗin tafin hannu a jikin dutse tana iya girme wa yaron da ke kallonta.

Shi ya sa inda iska ta gurɓace ko danshi ya janye, ita ke fara tafiya, tun itatuwa na tsaye kore shar, tun kogi bai nuna alamar komai ba. Tun 1866 wani masani, William Nylander, ya lura tana gujewa tsakiyar birnin Faris saboda hayaƙi, ya ce ana iya auna lafiyar iskar gari da ita. Mu da muka shekara muna shaƙar hayaƙin bolar Agbogbloshie, inda aka riƙa ƙona tsofaffin kayan lantarki, ba sai an fassara mana ba.

A Amurka akwai wata gansakuka da ba a samunta ko'ina a duniya sai a kudancin duwatsun Appalachia, galibi a jihohin North Carolina da Tennessee. A jikin tsayayyen dutse take fitowa, inda ruwa ke tsattsafowa, ko dai can sama da mita 1,500 inda gajimare ke shafar dutsen kullum, ko cikin kwazazzabo mai zurfi kusa da rafi. Wani ɗan ƙwaro da ya shigo daga Turai ya kashe itatuwan da ke yi mata inuwa, rana ta samu hanya, wuraren suka fara bushewa. Ko ba a taɓa ta da hannu ba, ɗauke inuwar ya isa. A 1995 gwamnatin Amurka ta sa ta cikin jerin halittun da doka ke karewa. Gwamnati sukutum ta rubuta doka saboda abin da mu za mu kankare da takalmi.

Dalilin da ya sa na daɗe a nan ke nan. Hazon da gansakukar Atewa ke sha, shi ganye ke tarewa ya ɗiga ƙasa, ruɓaɓɓen ganye ya tsotse, jan dutse mai ƙofofi da ke ƙarƙashi ya adana, ya riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan cikin ƙoramu har tsakiyar rani. Ita da famfonmu a ƙwarya ɗaya suke sha, ita ce dai a gaban layi. Ranar da ta bushe a kan reshe, a fara yi wa Densu jaje.

Kukanmu na farko a gida yake. A wani taron suna na tayar da wannan magana, wani dattijo da nake girmamawa ya dafa ni ya ce: "Malam, wannan rigimar mutanen Akyem ce da gwamnati. Baƙo ba ya shiga faɗan masu gari." Ban mayar masa ba, domin ba wurinsa ba ne, amma zan mayar a nan. Ranku ya daɗe, wane baƙo? Goro ne ya kawo kakanninmu Gwanja, goro kuwa ɗan kurmi ne, a inuwar manyan itatuwan ƙasar Asante yake yi. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 fatake suka watsu zuwa Kumasi da Kete Krachi da Akra. Sabon Zangon da Malam Bako ya kafa ya haura shekara 100. Dukiyar da aka gina tsofaffin gidajen nan da masallatan nan da ita, kurmi ne ya ba da kaso mai tsoka a cikinta. Tsarin mulkin 1992, a sashe na 41, ya ɗora wa kowane ɗan ƙasa nauyin kare muhalli, bai ware ɗan zango ba. In zaɓe ya matso babu mai kiranmu baƙi, kowa da farar hularsa yake zuwa fada. A 2017 har doka aka yi aka kafa Asusun Raya Zango, saboda an san nauyin ƙuri'armu. To, me ya sa sai a maganar ruwan da muke sha za mu koma baƙi?

A watan Maris na 2018 mutanen garuruwan gindin dutsen suka tako da ƙafa, kilomita 95 cikin kwana 6, ɗauke da ruwan Atewa, suka iso Akra a Ranar Ruwa ta Duniya don su roƙi shugaban ƙasa ya bar dajin. Ruwan da mu za mu sha suka yi wa wannan tattaki. A masallatan da nake salla ban ji an ambace su ba, ko a addu'a. Muna jin huɗuba kan tsadar aure, kan tramol, kan bangar siyasa, kuma duk sun dace. Amma ayar ƙarshe ta Suratul Mulk, wadda da yawanmu ke karantawa kowane dare, tambaya ce a kan ruwa: in ruwanku ya wayi gari ya ƙafe, wa zai kawo muku ruwa mai gudana? Allah ya gafarta malamai, ku kuka biya mana ita.

Na biyu, dajin a rataye yake, ba sama ba ƙasa. A saman dutsen, ƙarƙashin ƙasa, akwai boksait, jan dutsen da ake sarrafawa a fitar da alminiyom na tukwane da kwanon rufi. A 2018 majalisa ta amince da yarjejeniyar dala biliyan 2 da kamfanin Sinohydro na ƙasar Sin, a yi mana hanyoyi da gadoji mu biya da kuɗin boksait, a shekarar ce kuma aka kafa hukumar GIADEC don ta riƙe harkar. A 2019 motocin ture ƙasa suka shiga dajin suna share hanya don gwajin haƙa. A 2020 ƙungiyar kare muhalli ta A Rocha Ghana da wasu 'yan ƙasa suka kai gwamnati babbar kotun Akra. Ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta zartar da ƙudurin a ceci Atewa. Kamfanoni irin su BMW da Tetra Pak suka ce ba sa son alminiyom ɗin da zai fito daga can. Ana cikin haka, a 2022 aka shigo da dokar L.I. 2462 wadda ta buɗe ƙofar haƙar ma'adinai a gandayen daji, ƙasa ta ɗau kururuwa a kanta. Darasin da muka ɗauka shi ne, abin da aka ɗaure da takarda yau ana kwance shi da takarda gobe, a sake ɗaurewa jibi. Ba jam'iyya muke nuna wa yatsa ba. NDC mai laima da NPP mai giwa duk sun hau kujerar, dajin bai samu matsayin da zai kwana da ido biyu rufe ba.

Masu goyon bayan haƙar suna cewa za a yi ta da lura, a gyara wurin bayan an gama. Ina roƙon iyayenmu su tambaye su yadda ake haƙar. Boksait ba a rami mai zurfi yake ba, shimfiɗe yake a saman tudu, 'yan mitoci kaɗan a ƙarƙashi. Kafin a kai gare shi sai an sare itace, an kankare ƙasar sama, sannan a kwashe shi kansa dutsen da ke adana ruwan. Bayan nan ana iya shuka itatuwa a jere a ɗauki hoto, amma abin da ya shekara aru-aru yana haɗuwa ba ya dawowa da shuka. Kuma ɓarnar ba ta tsayawa a bakin ramin. Hanya ɗaya in aka yanka ta cikin kurmi, iska da rana sun samu ƙofa, jar ƙura ta sauka kan ganye, masu sarar katako da mafarauta su biyo sawun mota. A ƙoramun dutsen nan akwai wani kwaɗo da masana suka tabbatar a 2021 cewa jinsi ne na daban, suka raɗa masa sunan garin Sagyimase, kuma ba a san shi a ko'ina ba sai can. Akwai biri mai farar ƙeya da kyamarar da aka ɗana ta kama a 2017, da ƙatuwar mujiyar Shelley da aka ɗauki hotonta a 2021 bayan an yi shekaru barkatai ba a tabbatar da ganinta a Gana ba, da malam-buɗe-littafi jinsi ɗaruruwa. Waɗannan ba su da wani dutsen da za su koma.

Maganar aikin yi mun san ta, ba mu kuma raina ta ba, mu da samarinmu ke wuni a benci. Sai dai tun shekarun 1940 ake haƙar boksait a Awaso ana fitar da shi ɗanye, alhali masana'antar alminiyom ta VALCO da ke Tema daga waje ake kawo mata garin da take narkawa. Mafi yawan boksait ɗin ƙasar ma a yankin Nyinahin yake, kuma can ɗin ma ya kamata 'yan'uwanmu na Kumasi su sa ido kan Tano Offin. A 2016 an fitar da wani nazari da Hukumar Gandun Daji ta ƙasa ke cikin waɗanda suka yi shi, ya nuna cewa in aka yi lissafin shekara 30, aka haɗa da ruwa da noma da baƙi masu yawon buɗe ido, ba Atewa cikakkiyar kariya ya fi haƙarsa riba.

Na uku ya fi ciwo, domin hannunmu na ciki. Galamse, wato haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba. Wanda ya leƙa Birim a wajejen Anyinam ya ga yadda ya koma ja da laka. Birim kuwa cikin Pra yake zuba, kuma a watan Agustan 2024 kamfanin ruwa na ƙasa ya sanar cewa dagulewar Pra ta kai awo 14,000 a matatar Sekyere Hemang, wadda aka gina don awo 2,000, mutanen Cape Coast da Elmina suka shiga ƙishi. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Ina da tsofaffin ɗalibai da suka bar aji suka tafi daji. Wani ya dawo da babur da sabuwar waya, unguwa ta yi ta sa masa albarka. Wani rami ya rufta da shi, a nan muka yi masa salla. Wani kuma ya zauna ya kwatanta mini yadda yake murza zaiba da tafin hannu cikin baƙin yashi har ta kama zinariyar, sannan ya ƙona dunƙulen a kan garwashi yana sunkuye a kan hayaƙin. Yana ba ni labarin yana dariya. Zaiba tana cin jijiya da ƙoda, tana ratsawa ta kai ga jaririn da ke ciki, in ta shiga kogi kifi ke tara ta a jikinsa. Alif yana kwantar da laka, tafasa tana kashe ƙwayar cuta, amma tafasa ba ta fitar da zaiba. Kuma ku yi mini afuwa in faɗi wannan: in kuɗin nan ya zo gudummawar ginin masallaci ko hidimar Mauludi, da lasifika ake kiran sunan mai bayarwa, babu mai tambayar a wane kogi aka wanko shi.

Na huɗu gajere ne, don kowa ya san shi. Ba mu ce duk ranar da famfo ya ɗauke laifin abin da ke faruwa a Atewa ba ne. Akwai tsofaffin bututu, akwai ɗaukewar wuta, akwai yawan jama'a, ga gine-gine da shara a bakin tafkin Weija kansa. Amma ruwa in ya zo da laka tacewarsa na ƙara tsada, inji na tsayawa, kuma talaka ke biya. Mai hali ya haƙa burtsatse ko ya kira tanka. Maƙwabciyata mai koko tun kafin kiran assalatu take jera galan Kufuor, jarkokin nan rawaya na ɗiban ruwa, a layi, domin gero sai an jiƙa, an wanke, an tace, kuma ba za ta iya ƙara kuɗin koko yadda mai ruwa ke ƙara nasa ba. 'Yan matan ajina da ke gyangyaɗi a darasin farko, na san daga layin ruwa suka fito.

Saboda haka, ranku ya daɗe, ga roƙonmu.

Babbansa shi ne majalisar sarakunanmu da limamanmu su rubuta takarda guda, da hatiminsu, zuwa ga shugaban ƙasa da ministan filaye da albarkatun ƙasa da shugaban majalisa, su nemi a ba Atewa matsayi irin na Mole da Kakum, babban gandun ƙasa inda doka ta hana sara da haƙa gaba ɗaya, a kuma cire shi ƙarara daga duk wani shirin boksait. A kai takardar hannu da hannu, da rawani, a gaban 'yan jarida. Takardar da aka aika ta hannun masinja mun san aljihun teburin da take kwana. Wannan ba baƙon abu ba ne a addininmu. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe Naƙi'u a matsayin hima, wato keɓaɓɓiyar makiyaya, kusa da birnin Madina, Sayyidina Umar ya keɓe Rabaza, kuma hadisi ya ce mutane abokan tarayya ne a abu uku, ruwa da ciyawa da wuta. Ku kuka fi mu sanin babin.

Kafin takardar, muna roƙon a tashi tawaga zuwa Kyebi a gai da Okyenhene, sarkin Akyem Abuakwa, Osagyefuo Amoatia Ofori Panin, a fadarsa, a kuma zauna da mutanen Sagyimase da sauran garuruwan gindin dutse. Akwai zango a garuruwan Akyem, 'yan'uwanmu ne, sun san hanya. A je a ce musu mun gode, a tambaye su abin da suke so mu yi, domin su ke zaune da dajin, kuma su za a hana shiga in an ƙara tsaro. Duk kariyar da ba ta tanadar wa manomi da mai neman itacen girki abin yi ba, ba za ta ɗore ba, kuma bai kamata mu goyi bayanta ido rufe ba.

Malamanmu kuma, muna roƙon Juma'a guda, rana ɗaya a duk masallatan Juma'a na Akra, a yi huɗuba kan ruwa, a kira sunan Atewa da Densu da Weija ƙarara, da Hausa da Twi da Ga da Dagbani, yadda tsohuwa a sahun baya za ta gane daga ina ruwan butarta yake zuwa. A kuma yi mana fatawa a fili kan kuɗin galamse: ya halatta a karɓe shi a ginin masallaci, ko bai halatta ba? Mu almajirai ne, ba mu yanke hukunci ba, amma muna so mu ji daga bakinku. In an yi haka, a haɗa da nema wa yaran mafita. Yaron da aka ce ya fito daga rami ba a nuna masa shago ko gareji ba, gobe zai koma. Sarakunanmu su tambayi Asusun Raya Zango nawa aka ware don koyon sana'a, su wa suka samu, a wace unguwa.

'Yan majalisar da ke wakiltar unguwanninmu, daga Ablekuma zuwa Ayawaso zuwa Madina, a kira su fada ɗaya bayan ɗaya, kowa ya faɗi matsayinsa kan Atewa a gaban jama'a, a rubuta. A kuma sa su nemi duk rahoton tasirin muhalli da aka yi ko za a yi kan dutsen, a fito da shi fili, a yi bayaninsa a rediyo da harsunan da muke ji. Rahoton ya ƙunshi ƙananan tsirrai, gansakuka da danginta, a ƙirga su a wurare sanannu a riƙa komawa duk shekara ana dubawa. Aiki ne mai arha, ɗaliban jami'ar Legon da ta Kumasi za su iya shi, kuma shi zai fara gaya mana in danshin dutsen ya soma janyewa.

Sarkin masu magani ma akwai nasa. Saƙe-saƙi da ɓawon da ake kasawa a kasuwanninmu daga kurmi da yawansu suke fitowa. A ja kunnen masu sassaƙa kada su zagaye itace da wuƙa, domin itacen da aka zagaye ya mutu, da shi da duk abin da ke zaune a jikinsa.

Na ƙarshe ɗan ƙarami ne. Makarantun Islamiyya da na boko da ke ƙarƙashin kulawarku, a riƙa kai manyan ɗalibansu Weija su ga matatar, a wuce da su Atewa su ga mafarin ruwan. Tafiyar wuni guda ce, kuɗin mota ne kawai da izinin jami'an gandun daji. Mu malaman kimiyya mun ɗauki nauyin rakiya da bayani kyauta. Mun kuma shirya taƙaitaccen bayani da Hausa, shafi biyu, da taswirar kogunan uku, don limamin da ke son ya duba kafin ya hau mumbari. Duk ranar da kuka kira mu, fada ko zaure ko masallaci, za mu zo da shi.

Allah ya ja zamanin sarakunanmu, ya ƙara wa malamanmu lafiya, ya zaunar da Gana lafiya.

Wassalamu alaikum.

Ɗanku kuma almajirinku,
Malamin kimiyya, a madadin malamai da iyaye da masu sana'a,
Sabon Zango, Akra.